Hajiya, kafin ki ƙwace wayar yaron nan

Assalamu alaikum. Hajiya, tun shekaranjiya na ga tambayarki: ɗanki da ke aji biyar na sakandare ya daina barcin dare saboda waya, shin ki ƙwace ne, kuma da gaske ne masu bincike sun ce waya na lalata ƙwaƙwalwa? Na ga 'yan uwa da yawa sun ce ki ƙwace kawai. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a nan Gwale, kuma ciwon da ke damun yaronki ni ma ya taɓa kama ni, da gemuna da 'ya'yana uku.

Nawa daga wutar lantarki ya faro. Kin san unguwanninmu, sai ƙarfe ɗayan dare a kawo. Da na ji fanka ta fara juyawa sai in tashi in sa caji. To ga waya a hannu, ga garabasar datar dare, sai in ce bari in kalli bidiyo ɗaya in kwanta. Wallahi sai dai in ji ladaninmu yana hura lasifika. Ranar da kunya ta ishe ni ita ce da na zauna duba littattafan yara a ofishin malamai, na farka na tarar jan biro ya ja layi tun daga saman shafin wata yarinya har ƙasa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da gangan aka tsara abin ta yadda "bidiyo ɗaya" ba zai yiwu ba. A da, shafin intanet yana da ƙarshe, sai ka latsa kafin na gaba ya buɗe, kuma a ɗan tsaikon nan ne mutum kan dawo hayyacinsa. A 2006 wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro tsarin da kana jan yatsa abu na ta tahowa ba iyaka, daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Sannan ba kowane bidiyo ne ke da daɗi ba, kuma nan ƙugiyar take. Tun da daɗewa masanin halayya B.F. Skinner ya gwada da tattabaru: wadda ba ta san sara na nawa ne zai fito mata da hatsi ba, ta fi naci a kan maɓallin fiye da wadda ke samu a kowane sara. Ni ne tattabarar nan da ƙarfe ukun dare.

Amma batun lalata ƙwaƙwalwa, a yi hattara. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Sun samu alaƙa tsakanin yawan amfani da na'ura da raguwar walwala, sai dai 'yar ƙarama ce, ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin yaran ba. Isasshen barci da karin kumallo sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Wannan lissafin jimla ne, kuma yaran can ba su san tashi cajin tsakar dare ba, amma ya nuna inda ya kamata ki sa ido. A wurin ɗanki barcin ne aka sace, shi za a ƙwato.

Gwaje-gwajen da suka fi gamsar da ni su ne waɗanda aka canza wani abu aka ga sakamako. A 2018 Hunt Allcott da abokan aikinsa sun biya wasu Amurkawa kuɗi suka rufe Facebook na mako huɗu. A matsakaici sun samu rarar kusan awa ɗaya a rana, sun ƙara zama da iyali, walwalarsu ta ɗan ƙaru, ko da yake sun rage sanin labarai. A Kanada kuma, Kostadin Kushlev ya sa ɗalibai 221 suka yi mako guda da ƙarar sanarwa a kunne, mako guda a kashe. A makon ƙarar sun fi kokawa da rashin natsuwa.

Ƙwacewa kuwa na ga ƙarshenta a makarantarmu. Yaro ya yi ta tara kuɗin tara, ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo tsohuwa mai fasasshen gilashi, ya tura ta ƙarƙashin katifa. Da kina ganin abin da yake yi, yanzu kin daina.

Abin da ya yi mini magani ba wani abin a zo a gani ba ne. Maman yara ta mayar da duk caja falo, aka jona su a bar su, in wuta ta zo su sha da kansu ba sai an tashi ba. Bayan isha'i da hira kowa ya ajiye tasa a can, har ni. Na sayo agogo mai ƙararrawa a Sabon Gari don asuba. Na kashe sanarwar komai in ban da kira, na kashe bidiyo mai kunna kansa, na daina sayen datar dare. Makon farko hannuna ya yi ta lalube gefen filo.

Ki zauna da shi ku yi wannan tare, kuma taki ma ta kwana a falon, don yaro ɗan shekara goma sha shida ba ya bin dokar da mai ita ke takawa. In an yi wata guda yana barci amma har yanzu ba ya cin abinci, ba ya shiga mutane, to ku ga likita, wataƙila wayar mafaka ce ba ita ce ciwon ba. In Android ce, akwai wurin da ake ƙayyade wa kowace manhaja minti a cikin saitinta. Ki faɗa mini samfurinta in nuna miki inda yake.