Amsa ga ɗan'uwanmu na Asawase da jirginsa ya nutse a Bosomtwe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena na Asawase, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar da alheri. Ka ce ƙaramin jirginka mai rimot ya nutse ranar Lahadi a bakin Abono, garin da ke gaɓar tafkin Bosomtwe, bai fi jifa guda daga gaɓa ba, kana son sanin ko zai ciru, da kuma abin da za ka yi kada na gaba ya bi sahunsa. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan jiragen a shagona na gyaran rediyo a Aboabo, nan Kumasi, to bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Don Allah kada ka shiga ruwan nan da kanka, kada kuma ka tura yaro. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Bosomtwe ba kududdufi ba ne, rami ne da wani dutse daga sama ya haƙa sama da shekara miliyan 1 da ta wuce, faɗin ruwan ya kai kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Ƙasansa gangare ne, kana taka laka ruwa iya ƙirji, in ka ƙara gaba kaɗan sai ka ji ba ƙasa. Kuma ido yana ruɗin mutum a kan ruwa: abin da ka kira jifa guda, in aka auna, yakan ninka haka. Ga kuma tsargiya da ake iya ɗauka a ruwan da ba na teku ba.

Ko zai ciru? Ya danganta da abu guda, wato ko ka san wurin da ya nutse. Ba "wajen can" ba, ainihin wurin. Yawancin jiragen da aka rasa ba zurfi ne ya hana a same su ba, an yi ta lalube ne a inda ba nan suke ba. Saboda haka tun kafin ka koma, nemi duk wanda ya ɗauki bidiyo a ranar, da wuya a ce ba wanda ya ɗaga waya. Tsayar da hoton a daidai lokacin da jirgin ya ɓace, ka duba abin da ke bayansa a ɗaya gaɓar: ƙoƙuwar tsauni ce, rufin kwano ne, ko wata doguwar bishiya. Ka tuna kuma inda mai wayar ya tsaya. In ka koma ka tsaya a wurin ka fuskanci alamar nan, jirginka yana kan wannan layin. Layi ɗaya dai bai isa ba, domin bai gaya maka nisa ba. Sai an sami mutum na biyu da ya gani daga wani gefen da tasa alamar. Inda layukan biyu suka haɗu, nan za a fara. A jefa dutse da aka ɗaura wa igiya da robar ruwa a wurin, ya zama shaida, domin da zarar ka hau ruwa ko'ina iri ɗaya ne. Kada ka dogara da taswirar waya, kuskurenta yakan kai 'yan mitoci, jirginka kuwa ƙarami ne. Rimot ma ba zai taimaka ba: siginar 2.4 GHz da jiragen yanzu ke amfani da ita ba ta ratsa ruwa.

Ka sani kuma jirgi ba ya sauka tsaye kamar dutse. Iskar da ta maƙale a cikinsa takan riƙe shi yana lilo a ƙarƙashin ruwa na ɗan lokaci kafin ya kwanta. To a faɗaɗa nema zuwa inda iska ke kaɗawa a ranar, da kuma ɓangaren da ƙasa ta gangara.

Masu aikin su ne masuntan wurin. Za ka gan su zaune a kan guntun katako da suke kira padua, suna tuƙi da hannu, sun san inda duwatsu suke da inda laka take. Je ka gaishe su da ladabi, ka nuna musu hoton jirgin, ku yi ciniki tun kafin a taɓa ruwa: nawa in an samu, nawa in ba a samu ba. Akwai abin da nake so ka kiyaye a nan. Tafkin nan mai tsarki ne a wurin Asantawa, kuma a al'adarsu ta da ba a son ƙarfe ya taɓa ruwansa. Ko da yake yanzu akwai jirage masu inji da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, mu baƙi ne a wurin, bai kamata ka zo da ƙugiyar rodi ka wurga ba tare da ka tambayi dattawan garin ba. Ban da haka ma, suna da ragar da suka kafa a ruwa, in ƙugiyarka ta yaga ta wani, ka taɓa abincin iyalinsa.

In sun yarda, abin da na ga ya fi aiki shi ne sandar rodi mai tsawon kamu biyu, mai walda ya manna mata ƙugiyoyi huɗu ko biyar, a dakusar da bakinsu don kada su huda jikin jirgin. Kowane mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, zai yi maka ita kana tsaye. A ɗaura igiya a gefe biyu, a ja ta a ƙasa sannu a hankali, layi bayan layi, igiyar tana tsakanin yatsu. Da hannu ake gane abin da aka kamo. Dutse yakan tsayar da igiya cak, ciyawa takan yi nauyi a hankali, jirgi kuwa sai ka ji ya ɗan ƙi sannan ya biyo. In ka ji haka, kada a fizga, a ɗago a hankali, in ya kusa fitowa a sa hannu ko komar kamun kifi a ƙarƙashinsa, domin jirgin da ya cika da ruwa yana ƙara nauyi ne daidai lokacin da ya bar ruwan, nan ne yake suɓucewa. In ba su yarda da ƙarfe ba, raga da aka ɗaura wa duwatsu a gindi ita ma tana kamawa. Mayen ƙarfe na bayan tsohuwar sifika kuwa ban cika sa rai da shi ba. Jikin jirgi roba ne ko katako ko faiba, farfela sau da yawa tagulla ce ko roba, ƙarfen da zai kama yana can ciki.

Kada ka ɓata lokaci. Muddin batir yana haɗe, wuta tana bin ruwa tana cin tagulla. Na buɗe wani da aka ciro wa wani yaron unguwarmu bayan ya kwana biyu a ƙasa: jar wayar batir ta zama kore shar, ina taɓa ta sai ta marmashe, alhali baƙar tana nan lafiya. Da an ciro naka, cire batir kafin komai. In LiPo ne, wato batirin lithium mai laushin jiki, kuma ya kumbura, kada ka sa shi caji, kada ya kwana a ɗaki, a ajiye shi waje cikin bokitin yashi nesa da yara. Sauran kayan a buɗe su duka, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, domin Bosomtwe ba shi da mafita, ruwansa yana da ɗan gishiri-gishiri da ke bushewa a kan kaya. A bi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa gaban fanka har su bushe ƙayau kafin a ba su wuta. Inji yakan tashi in an ɗiga wa boris ɗinsa mai. Risiba mai karɓar siginar rimot da ɗan akwatin da ke juya jirgin su ne ke ɓoye ruwa a ciki, sai an kwance su.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, don shi ne mutanenmu ke tsallakewa. Duk jirgi zai sha ruwa wata rana. Abin da ake nema shi ne ko ya cika maƙil, ya tsaya a sama. Dubi masuntan Argungu: mutum guda da nauyinsa yana kwance a kan gora, ba abin da ke riƙe shi sai iskar da ke ciki. Lissafin ba wuya, lita 1 ta iska tana ɗaukar kilo 1 a ruwa. Ɗora jirginka a sikeli da batir da komai. In kilo 2 ne, kana buƙatar lita 2 ta abin da ruwa ba ya shiga, wato robar ruwan Voltic ta rabin lita guda 4 da murfinsu a ɗaure tam. In ba wuri, yanka farin soson nan mai tauri da ake tokare talabijin da shi a kwali, ko tsofaffin silifa. Soson katifa haramun ne a wannan aikin, shan ruwa yake yi ya ƙara maka nauyi. Balan-balan da leda da aka hura su ma ban yarda da su ba, domin a zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka, iskar cikinsu ta koma rabi, ke nan da jirgin ya fara sauka ƙarfinsu raguwa yake yi. Kumfan gwangwani mai kumbura kuma na ga ya fasa gaban jirgi daga ciki.

Inda ka sa shi ma magana ce. Cusa mafi yawa a gaba, ƙarƙashin rufi, ka manne shi ko ka ɗaure. In murfi ya tashi kuma soson a sake yake, shi zai fito ya bar jirgin ya tafi ƙasa. Murfin shi ma a manna masa nasa. Shafa wa hancin jirgin fenti ja ko ruwan goro, don in bayansa ya nutse saboda nauyin inji, hancin ne zai leƙo. Sannan ka gwada a gida: cire kayan wuta, sa duwatsu daidai nauyinsu, cika jirgin da ruwa a cikin durom, danna shi ƙasa ka saki. In bai taso ba, bai isa zuwa tafki ba.

Hanyoyin da ruwa ke shiga kaɗan ne. Bututun da sandar farfela ke bi, a cika shi da giris kafin kowace fita. Bakin murfi, a zagaye shi da tef. Wanda ya fi saurin kashe jirgi shi ne siririn tiyon da ke kai ruwa ya sanyaya inji. In ya zame daga bakinsa, jirgin da kansa ne ke ɗura wa cikinsa ruwa yana gudu. Ɗaure bakin tiyon da siririyar waya. Yadda ka ce naka ya rage gudu, bayansa ya yi ƙasa kafin ya ɓace, ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan.

Wasu suna ɗora ƙwallon tebur a cikin ɗan bututu a kan rufi, da zaren fatsa mita 15 a naɗe, a tokare bakin da ƙwayar sukari. In jirgi ya nutse sukarin ya narke, ƙwallon ta taso ta nuna wuri. Dabara ce mai kyau, sai dai feshin ruwa yakan narkar da sukarin tun jirgi yana tafiya, don haka ni ƙari na ɗauke ta, ba madadin soso ba. In kuwa jirgi ya mutu a tsakiya yana yawo a sama, ko leda ta naɗe farfela, ƙwallon tanis da aka ɗaura wa zaren fatsa ta isa: wurga ta ta tsallake shi, ka jawo a hankali zaren ya sarƙe shi. Madatsun ruwa na Barekese da Owabi kuma ruwan shan Kumasi ne, ba wurin kai batir ba.

Turo mana bidiyon a nan mu duba alamun tare, ka gaya mini tsawon jirgin da irin batirinsa. In Allah ya kai mu Asabar ina da hali, sandar ƙugiya tana shago, sai mu kama hanyar Kuntanase bayan sallar asuba mu isa Abono kafin iska ta tashi.