Likita, shin talaucinmu zai dakushe ƙwaƙwalwar ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana direban Keke Napep ne, rayuwarmu hannu baka hannu ƙwarya. Ɗana yana da wata 14, kuma surukata ta ce danginsu ba su da kan karatu, sai dai in saya masa maganin ƙwaƙwalwa. Maganar ta hana ni barci. Daga wata uwa a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, talauci yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, amma ta ƙofofin da aka sani yake shiga: tamowa, ƙarancin jini, rashin sinadarin aidin, da yawan tashin hankali a gida. Ɗanki yana cikin kwanaki 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, don haka lokaci bai ƙure miki ba.

Batun maganin ƙwaƙwalwa kuwa shi ne abin da yake ɓata mini rai kusan kullum. Uwa za ta zo mini da yaro a tsumbure, a hannunta kwalba ce wadda ba ta da lambar NAFDAC, wadda ta saya a tasha wajen mai lasifika, da kuɗin da zai ishe ta sayen ƙwai na mako guda. Kuma sau da yawa gidan da ya yarda da kwalbar shi ne yake hana yaro ƙwai, wai kada ya tashi ɓarawo! Babu wani ruwan magani da yake ƙara basira. Mai sayar da shi bai san abin da yake ciki ba balle ke, kuma an sha samun dalma a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, irin dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare a Zamfara a 2010, ta bar wasu da lalurar ƙwaƙwalwa.

Abin da aka gwada aka ga amfaninsa ba ya da tsada. A ƙasar Jamaika, a shekarun 1980, an riƙa ziyartar iyaye matan tsumburarrun yara duk mako ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu, kuma bayan shekara 20 an tarar yaran suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wasan ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Ki ci gaba da shayar da shi, ki zuba gyaɗa ko waken soya a kununsa, ki sa zogale a gwatensa, ki yi girki da gishiri mai aidin. Ki riƙa yi masa magana kina aiki, idan ya yi gwaranci ki amsa masa. Idan ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ko kuwa tun yanzu ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ki kai shi asibiti a fara duba kunnensa.