Tambaya da Amsa: An sauya manhaja, ina zan samu tambayoyin gwada kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Marwa ce a Kamaru, na bar lise, wato babbar sakandare, shekarun baya saboda aure, yanzu kuma na yi rajistar bak, jarrabawar kammala sakandare, daga waje, wato ba ta hannun wata makaranta ba, a sashen adabi na A4. A darasin falsafa, abin da ya fi ba ni wahala shi ne ɓangaren ilimin halayyar ɗan Adam, wato batun hankali, ɓoyayyen tunani da sha'awa. Tsofaffin tambayoyin da yayana ya bar mini duk na kafin sauyin manhaja ne, an kuma ce mini ba su da sauran amfani. Ina zan samu waɗanda zan gwada kaina da su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya ce miki takardun yayanki sun zama shara ya faɗi rabin gaskiya ne kawai, domin abin da ya fi sauyawa shi ne yadda ake yin tambayar, batutuwan kuwa akasarinsu suna nan inda kika bar su.

Ma'aikatar Ilimin Sakandare ta Kamaru ta shigar da tsarin da malamai ke kira APC, wanda ke auna abin da ɗalibi zai iya yi da iliminsa, a manyan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya: sekond, wato na farkonsu, a 2018, ajin da ke biye da shi a 2019, terminal, wato ajin ƙarshe, a 2020. Ke nan duk takardar bak da aka buga kafin 2021 ta tsohon tsari ce. A lise ɗinmu kuma ilimin halayyar ɗan Adam ba darasi ne mai zaman kansa ba, yana cikin falsafa ne, sai a makarantun horar da malaman firamare da jami'a ake karanta shi daban. Saboda haka kada ki ɓata kuɗi a kan littafin ilimin halayyar ɗan Adam (sikoloji) na jami'a, zai kai ki nesa da abin da za a tambaye ki.

Abu na farko da za ki nema shi ne manhajar terminal ita kanta, ba tambayoyi ba. Kowane malamin falsafa a lise yana da ita, haka ma sufetocin darussa da ke ofishin ilimin sakandare na jihar Arewa Mai Nisa, a nan Marwa. Ki yi fotokofinta. Da ita za ki tace duk abin da ya shigo hannunki: tambayar da batunta yake cikin manhaja ki ajiye, wadda babu ki tsallake ta ko da kuwa ta burge ki.

Bayan ita sai ainihin takardun da hukumar bak ta ƙasa, OBC, ta fitar daga 2021 zuwa yau. Ba su da yawa, shi ya sa nake ba da shawarar kada ki cinye su tun farkon shekara; ki duba ɗaya don ki ga fasalinta, sauran ki adana su zuwa watannin ƙarshe, ki zauna ki rubuta kowacce da agogo a gabanki, ba littafi ba waya. Giɓin da ya rage kuwa, jarrabawar gwaji ta lise-lise da ta jihohi ce za ta cike shi, kuma ba sai ta Marwa kaɗai ba, ta Garwa da ta Ngaundere da ta Yawunde duk manhaja ɗaya suke bi. Masu shagon fotokofi na bakin ƙofar lise sukan tara su, amma kafin ki biya ki dubi saman takardar: shekara, sashe, tsawon lokacin jarrabawa da sunan makaranta ko hukumar da ta tsara ta. Na sha ganin kundi mai sabon bango da aka rubuta wa shekarar bana, ciki kuwa tambayoyin da ne aka sake jerawa. Takardar da ba ta da waɗannan bayanai a kanta, ki bar wa mai shago kayansa. Ma'aikatar ta kuma fara sanya darussan bidiyo a intanet tun lokacin korona a 2020, suna da amfani ga mai karatu daga gida irinki.

Yanzu ga yadda za ki ci moriyar kayan yayanki. Sabon tsari yana auna abu biyu, ilimin da ɗalibi ya tara, da kuma yadda zai yi aiki da shi a kan wata matsala. Nassoshin da ke cikin tsofaffin takardu suna nan da ƙarfinsu wajen na farkon. Masanin falsafa Descartes bai sauya ra'ayinsa na 1637 ba, cewa tunani shi ne hujjar samuwar mutum, haka masanin halayyar ɗan Adam Freud, wanda ya rasu a 1939, yana nan a kan cewa akwai sashen zuciya da mai ita bai san abin da ke cikinsa ba, sai dai ya ɓullo ta mafarki ko suɓutar baki. Ki ɗauki nassi, ki fitar da batunsa, matsalar da yake son warwarewa, matsayar marubucin da hujjojinsa.

Na biyun ne ke buƙatar ki yi ɗinki da kanki. Misali, tsohuwar tambaya tana cewa: shin mutum yana ɗaukar alhakin abin da ya aikata ba da saninsa ba? Ki sa mata mutane da wuri. Wani yaron shago a kasuwar Marwa ya tashi yi wa maigidansa godiya a gaban jama'a, sai baƙar magana ta suɓuce masa, ya rantse bai yi niyya ba, maigidan ya ce abin da ke zuci ne ya fito. An kawo miki su ki raba gardama. A nan dole ki kawo Freud, ki kawo masu sukarsa irin su masanin falsafa Sartre, wanda ke ganin fakewa da ɓoyayyen tunani yaudarar kai ce, sannan ki tsaya a kan matsaya taki da hujja. Wanda ya haddace ma'anoni kawai, a daidai wannan gaɓar yake kakarewa.

Takardun Faransa, Chadi ko Senegal da ke yawo a WhatsApp, ki ɗauki nassinsu ki bar tsarinsu. Masu tallar tambayoyin da wai sun fito kafin lokaci kuwa, ki yi nesa da su. A 2020 sai da aka sake rubuta wasu takardun bak na sashen kimiyya saboda irin wannan, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka sha wahalar.

Abin da ya fi ƙaranci ga mai zana jarrabawa daga waje shi ne mai gyara masa, domin amsoshin da ke bayan kundi ba za su nuna miki inda hujjarki ta yi rauni ba. Ki nemi malamin falsafa da yake koyar da terminal a yanzu, ko ɗalibin falsafa a babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, ki riƙa kai masa rubutu ɗaya duk mako biyu, ki roƙe shi ya ba ki maki bisa ma'aunin da ake gyaran bak da shi, ya kuma rubuta miki dalilin kowane makin da ya rage a gefen takarda.