Kamfanin garanti ya ƙi canja mana injin ɗumama gida

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Muna zaune a Kwalambas ta jihar Ohayo a Amurka. Wata takwas ke nan da muka sayi gida, wanda ya sayar mana ya haɗa mana da garanti na shekara ɗaya. Makon jiya injin ɗumama gidan ya tsaya. Na kira kamfanin, na biya dala 100, mai gyaransu ya zo ya ce ƙarfen ciki ya tsage, ya rufe gas ya liƙa jar takarda. Yanzu sun ce ba za su canja ba, wai matsalar ta girmi garantin. Ga yara uku, ga sanyi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Kafin maganar shari'a, don Allah kada kowa ya sake kunna injin nan. Ƙarfen da ya tsage shi ke raba hayaƙin gas da iskar da kuke shaƙa. Ta wannan tsagar iskar kabon monoksaid ke shiga ɗakuna, ba wari ba launi, ta kashe mutum yana barci. Kada kuma a hura gawayi ko a bar murhun girki a kunne don jin ɗumi, haɗarin ɗaya ne.

Garantin gida ba inshora ba ne. Yarjejeniya ce ta gyara abin da ya lalace saboda tsufa da aiki, kuma abin da aka rubuta a takardar shi ke aiki, ba abin da aka faɗa miki a waya ba. Ki nemi su ba ki ƙin nasu a rubuce, da sakin layin da suka dogara da shi, da rahoton mai gyaransu da hotunan da ya ɗauka.

A ganina hujjarsu tana da rauni. Ɗauko rahoton binciken da aka yi wa gidan kafin ku saya. Idan mai binciken ya kunna injin ya rubuta cewa yana aiki, wannan babbar shaida ce. Haɗa da takardun kuɗin gas na watannin sanyi, su nuna injin ya yi ta ɗumama gidan. Sannan ki karanta yarjejeniyar da kyau: kamfanonin garanti da yawa sun amince da tsohuwar matsala matuƙar duba da ido ko gwaji mai sauƙi ba za su gano ta ba, tsagar da ke can cikin inji kuwa sau da yawa haka take. Ki kira wani mai gyara mai lasisi ya rubuta miki nasa ra'ayin, amma duba kawai zai yi, kada ya kwance komai. Ya duba lambar jikin injin ma, domin masu ƙera shi kan ba wannan ƙarfen garantin shekara 20, ko da yake wasu na rage wa mai gida na biyu.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba, ko sun yarda ba lallai su biya duka ba. Akwai iyakar kuɗi a takardar, kuma kuɗin izinin hukuma, gyaran bututu da kwashe tsohon inji galibi a kanku suke. In sun yi tayin kuɗi hannu, da farashinsu na sari za su lissafa, don haka ki samo farashin waje kafin ki sa hannu.

Idan sanyi ya hana jira, ki rubuta musu cewa za ki canja injin ranar kaza kuma za ki nemi kuɗinki. Akwai kasada, domin ba sa biyan aikin da ba su amince da shi ba, sai kin nuna ƙin nasu ba bisa ƙa'ida ba ne. Ki ajiye tsohon ƙarfen, da hotuna, da resit.

Ofishin Antoni-Janar na Ohayo na karɓar koke kyauta. Kotun ƙananan ƙararraki ta jihar na sauraron abin da bai wuce dala 6,000 ba, ba sai da lauya ba, amma ki fara duba ko takardar ta ɗaure ki da zuwa wurin mai sasanci. In kuɗin shigarku kaɗan ne, ki tuntuɓi shirin gwamnati na HEAP yau ɗin nan, yana taimakawa da kuɗin ɗumama gida da gyaran inji a lokacin sanyi.