Amsa ga mai son karatun ƙananan hotunan matan fadar Faransa

Ƙanwata, na karanta saƙonki, inda kika ce kin ga ƙananan hotunan matan fadar sarakunan Faransa a intanet, har kina son zuwa Faris ki karanci fannin, ki kuma riƙa saye da sayar da su domin ɗaukar nauyin karatunki. Niyyar karatun ta faranta mini rai ƙwarai, amma ina roƙonki ki jingine maganar cinikin.

Hotunan nan ba su fi tafin hannu ba, kuma da fentin ruwa ake zana su a kan siririn fallen hauren giwa, ta yadda hasken hauren yake bayyana ta ƙarƙashin launi tamkar fatar mai rai. Akan rataya su a wuya ko a manna su a murfin batta, wani lokaci da gashin matar a kitse ta baya. François Dumont ya zana Sarauniya Marie-Antoinette, Jean-Baptiste Isabey kuwa ya tsallake juyin juya halin 1789 har ya zama mai zanen Sarki Napoleon da matarsa Joséphine. Fitowar hoton kyamara a 1839 ce ta durƙusar da sana'ar.

Abin da dillalai ba sa faɗa shi ne, da yawa daga cikin hotunan gimbiyoyin da ake bajewa a kasuwannin tsofaffin kaya an yi su ne a ƙarshen ƙarni na 19 domin ƙawata ɗaki, aka ɗora musu sa hannun jabu. Wasu ma bugaggen hoto ne aka shafa wa launi. Sai da na shekara biyu ina zaryar zauren gwanjo na Drouot da ke Faris da gilashin ƙara girma kafin idona ya fara rarrabe su. Ga kuma doka: tun 2022 Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara cinikin hauren giwa, kuma ko wanda aka sarrafa kafin 1947 ba ya sayuwa sai da takardar shaida.

Makarantar École du Louvre, mai koyar da tarihin zane-zane a Faris, ita ce ta dace da burinki, sai dai da jarrabawa ake shiga ajin farko, kuma da Faransanci zalla ake koyarwa, saboda haka ki fara da harshen tun kina gida, sannan ki tuntuɓi ofishin Campus France, hukumar da ke taimaka wa masu son zuwa karatu Faransa. Idan Allah ya kawo ki, zan fara kai ki gidan tarihi na Cognacq-Jay, inda ake ajiye da irin waɗannan hotunan, ki ƙare wa na ainihi kallo kafin wani ya miƙo miki na jabu.