Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi ma'anar "fond of"

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a kan takardar tuhumar da shugabanka ya ba ka, wadda ya rubuta "you are fond of coming late" a cikinta, kana son sanin ko yana nufin makarar daɗi take yi maka, ko kuwa ta zame maka hali. Raina ya sosu, domin wannan kalma ta taɓa jawo mini wulaƙancin da har yau bai bar zuciyata ba.

A wurin masu harshen, "fond of" so ne mai ɗorewa wanda sabo ya haifar, irin na kaka da jikanta ko dattijo da goronsa. Ta fi "like" nauyi, amma ba ta kai "love" zafi ba. Mu kuwa a ofisoshi da makarantun Najeriya mun mayar da ita kalmar zargi, har wasu sun ɗauka ba ta da wani aiki sai bayyana mugun hali.

Lokacin da aka canza mini wurin aiki daga wata sakandaren 'yan mata, na rubuta takardar bankwana na ce "I have grown fond of my students", wato na shaƙu da ɗalibaina. Mataimakin shugaban makarantar ya shigo da takardar ɗakin malamai, ya zagaye kalmar da jan biro, ya karanta da ƙarfi, sannan ya tambaye ni cikin gatse wane irin hali na saba yi da 'ya'yan mutane. Aka tuntsure da dariya, har da waɗanda muke cin abinci a kwano ɗaya, kuma babu wanda ya buɗe baki ya kare ni, alhali malaman Turanci suna zaune a wurin. Washegari na kai masa ƙamus na nuna masa, ko kallonsa bai yi ba, sai ya ce Turancin littafi daban, na aiki daban. Na bar shi da Allah, amma magana irin wannan tana iya ɓata sunan malami har ƙarshen aikinsa.

Kai dai kada ka kuskura ka gyara wa shugabanka Turanci a amsarka, domin su ma Turawan sukan ce mutum yana "fond of" yin wani abu idan suna yi masa shaguɓe kan yawan maimaita shi. Zargin yawan makara yake yi maka, don haka ka duba rajistar sa hannu, ka amsa kan ranakun da aka rubuta, cikin ladabi. Idan kai ne za ka yi rubutu a kan hali kawai, "in the habit of" ta fi tsabta. Ka kuma lura cewa "of" ce ke bin kalmar "fond", sai suna ko aikatau mai "-ing", ba a cewa "fond to come". Amma idan ta koma "fondness", to "for" ce ke binta. Asalin kalmar "fond" ma a tsohon Turanci wauta take nufi, shi ya sa "fond hope" buri ne da ba lallai ya cika ba.

Ka ajiye kwafin amsarka, kuma ka tabbatar sakatare ya buga masa hatimin karɓa kafin ka fita daga ofishinsa.