Hukuncin Ajiye Mesa A Gida Da Sayar Da Fatarta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Kirikasamma. Da ruwa ya janye bana na kama 'yar mesa a bakin fadamar da nake noman shinkafa, tsawonta kamar kamu uku. Na sa ta a tsohon duro na danne marfin da dutse, a lungun da ke jikin ɗakin yara, ina jefa mata 'yan tsaki da ransu. Niyyata in ta girma in sayar wa masu fata. Uwargida ta ƙi yarda, amma wani ɗalibi ya ce min tunda ba ta da dafi hukuncinta ɗaya da kyanwa. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Abin da ya yanke hukunci a tambayarka shi ne inda ka ce duron yana jikin ɗakin yara. Ajiye mesa a wannan wuri haramun ne a kanka, kuma wajibi ne ka fitar da ita yau, kada ka bari sai gobe. Gaskiya tana wajen uwargidanka, ka gode mata.

Kiwon dabba don amfani ko sha'awa halal ne in za a ba ta haƙƙinta, hadisin Abu Umair, yaron da yake wasa da ɗan tsuntsu Annabi (SAW) bai hana shi ba, ya isa hujja. Sai dai maganar da ɗalibin nan ya faɗa maka ta yaɗu a bakin matasa, shi ya sa zan tsaya a kanta.

Ya ɗauka dafi ne dalilin umarnin kashe macizai, in babu dafi babu hukunci. Dalilin kuwa cutarwa ce. Hadisin miyagun dabbobin da ake kashewa ko a cikin Harami ya haɗa da ɓera da shirwa da hankaka da kare mai cizo, kuma babu mai dafi a cikin waɗannan huɗun. Kyanwa kuma Annabi (SAW) ya faɗi abin da ya sa aka sassauta a kanta, cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ta saba da mutum, tana gane mai ita, tana tsare hatsi. Mesa ba ta sabo. In ta yi lamo a hannunka, ɗumin jikinka take sha. A leɓenta akwai 'yan ramuka masu jin zafin jikin abin da ke kusa ko cikin duhu, kuma da ƙanshi take gane abinci. Ranar da ka miƙa hannu yana warin kaza, hannun za ta kama. Haƙoranta sun lanƙwasa baya, in ta riƙe ba ta saki, sai ta naɗe ta matse, jini ya daina zagayawa cikin 'yan mintuna. Wanda take naɗewa a ƙirji ba ya iya ihu.

Kuma wadda kake gani kamu uku yanzu ba haka za ta tsaya ba. Mesar ƙasarmu tana kai mita uku zuwa huɗu, wasu su wuce biyar, tana haɗiye ɗan akuya ba wahala. Dutsen kan marfi wata rana za ta ture shi, ramin da kanta ya shiga kuwa sau da yawa jikinta zai bi. A shekarar 2013 a ƙasar Kanada, irin wannan mesa tamu ta Afirka ta fita daga ɗakin da aka gina mata ta bututun iska, ta faɗo daga silin, ta kashe yara biyu 'yan uwan juna suna barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6. Wancan ɗaki ne aka gina musamman, kai kuwa duro ne da dutse. Ina kamannin wannan da kyanwa? Kiyasi ba ya tsayawa in akwai bambanci mai tasiri, kuma kore ɓarna yana gaba da jawo amfani, balle amfanin kuɗin fata ɗaya ne, ɓarnar kuma ran yaro.

Akwai wata cutar da ba ka hango ba. Yaran da suka ga babansu yana ɗaukar maciji za su daina tsoronsa. Kasa da kububuwa suna da zane a jiki, kuma yaro ba zai bambance su da jaririyar mesa ba a cikin ciyawa. Sara ɗaya daga cikinsu ya isa.

Jefa mata 'yan tsaki da rai kuma ka daina. An umarce mu da kyautatawa ko wajen yanka, ga shi kuma almubazzaranci da abincin iyali, don kafin ta girma za ta cinye kajin da kuɗinsu ya fi na fatar.

Yanzu yadda za ka rabu da ita. Gargaɗin nan sau uku da ake yi wa maciji kafin a kashe shi, wanda ya zo a hadisin Abu Sa'idul Khudri, na macizan da suka bayyana a cikin gidaje ne, mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ma ya ce ba a yi wa na daji. Taka daga fadama ka ɗauko ta, don haka babu gargaɗi a kanka. Hanya uku gare ka. Ko ka miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji ko gidan zoo na Kano in za su karɓa. Ko ka mayar da ita daji mai nisa da gari da makiyaya, irin cikin dausayin Baturiya da sanin masu kula da wurin, don a can tana rage gafiya da ɓerayen da ke cin shinkafarku. Ko ka kashe ta da gaggawa ba azaba, kuma ban da wuta. Abin da bai halatta ba shi ne ka kai ta bayan gari da dare ka sake ta, ta koma kan akurkin maƙwabta. Nan ka sauke cutar daga kanka ka ɗora wa wani. Mutanen Fulorida a Amurka sun ɗanɗana sakamakon irin wannan. Mesar Asiya da aka shigo da ita don kiwo, masu ita suka saki wasu, wasu kuma suka gudu, ta hayayyafa a dausayin kudancin jihar har zomaye da sauran ƙananan namun daji suka kusa ƙarewa a wurare da dama. A 2012 aka hana shigo da ita ƙasar tare da mesar Afirka, kuma har yau ana biyan mafarauta su rage ta. Tamu 'yar gida ce a fadamar Haɗeja, mayar da ita can ba irin wancan ba ne. Amma wanda ya sayo baƙon maciji daga wata ƙasa, sakinsa a dajinmu haramun ne, tunda mace ɗaya tana yin ƙwai gommai a lokaci guda.

Batun fata kuwa ya rataya ne a kan yanka. A mazhabarmu ta Malikiyya maciji yana yankuwa a maƙogwaro, kuma Khalil, mai littafin Mukhtasar, ya halatta sayar da dabba mai farauta don fatarta. In ka yanka ta da sunan Allah, fatar tsarkakakkiya ce, kuɗinta halal. In da kulki aka kashe ta ko ta mutu a duro, mushe ce, kuma a mashahurin zance jima ba ta tsarkake fatar mushe, ba a sayar da ita. Namanta Malikiyya sun halatta in an yanka, sauran mazhabobi uku sun hana, barinsa ya fi. Ka kuma sani fitar da fatar mesa waje sai da izinin hukuma, kada dillali ya jefa ka cikin rigimar da ba ka sani ba. Sayar da ita da rai ga gardawa masu wasa a kasuwa bai halatta ba. Wanda ya ce maka ajiye ta yana jawo arziki kuwa, shirka yake kiran ka zuwa gare ta.

Wajen fitar da ita kada ka yi kai kaɗai, ka nemo babban mutum, a kawar da yara, a zazzage ta cikin buhu mai ƙwari a ɗaure baki. Kada kowa ya rataya ta a wuya. In ta kama hannu kada a fizge, don haƙoran za su yage nama. A riƙe bayan kanta a tura gaba kaɗan sannan a zare. In ta naɗe mutum, ta wutsiya ake fara warwarewa. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a je asibiti a yi allurar tetanus ko da babu dafi, saboda bakinta cike yake da ƙwayoyin cuta. Duron ma a wanke shi nesa da kwanukan abinci. Sannan ka ɗaga akurkin kajinka daga ƙasa, ka rufe shi da raga mai ƙananan idanu, ka toshe ramukan gafiya da ke gindin danga, tunda gidanka yana kusa da fadama.

Wallahu a'alam.